Ƙullaci: Asalin Kalmar da Misalinta a Basasar Kano

Manufar wannan takarda ita ce a dubi kalmar ƙullaci, wadda Bahaushe yake amfani da ita ga ɗacin da ke zaune a zuciyar wanda yake ganin an zalunce shi.

Tushenta ƙulla ne. Daga ƙulli aka sami aikatau ƙullata ta hanyar ɗafa-ƙeyar -ata, kamar yadda fushi ya ba da fusata, tsoro ya ba da tsorata. Harafin t kuwa yakan koma c a gaban i ko e, shi ya sa ake cewa ya ƙullaci wane, ya ƙullace shi, daidai da sata, ya saci, ya sace. Ke nan kalmar 'yar gida ce, ba kamar hasada da zalunci ba, waɗanda Larabci ya ba mu.

Abin lura shi ne irin abin da ake ƙullawa. Tsohuwa takan ƙulle kuɗi a bakin zane, boka yakan ba da ƙullin magani. Duk ajiya ce don wata rana. Fushi yakan huce kafin gari ya waye, haushi ma haka. Ƙullaci kuwa sai an kwance shi.

A ganina Basasar Kano ta fi kowane ƙamus fayyace wannan ma'ana. Da Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya rasu a 1882, ba a naɗa ɗansa Yusufu ba, aka naɗa Muhammadu Bello. Bello ya shiga tuɓe 'ya'yan Abdullahi daga sarautu, ya ba ɗansa Tukur Galadima. Shekara 11 suna haɗiye abin. A 1893 Bello ya rasu, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya sake tsallake Yusufu ya naɗa Tukur. Nan ne Yusufawa suka fice daga birni suka kafa sansani a Takai, kudu maso yamma da Dutse, wadda a lokacin tana cikin ƙasar Kano, tun kafin a yanki Jihar Jigawa a 1991. Daga wannan yanki suka tara mayaƙa.

Yusufu ya rasu a Garko a 1894, amma ƙullin bai bi shi kabari ba, domin na gida ne gaba ɗaya. Ƙanensa Aliyu Babba ya karɓi jagoranci, ya shiga Kano a shekarar, aka kashe Tukur a Tafashiya a 1895.