Sunan Kamfani da Hannun Mai Gyara a Abuja

Lokacin da gwamnatin tarayya ta ƙaura daga Legas zuwa Abuja a ranar 12 ga Disambar 1991, motar da ta fi nuna matsayin babban ma'aikaci ita ce Peugeot 504, wadda ake harhaɗawa a Kaduna tun 1975, kuma daga gwamnati ta samo martabarta, domin ita ce motar ofis. Sai dai karyewar darajar naira bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ta sa sabuwar mota ta gagari mai albashi, har kasuwa ta koma hannun 'yan Kwatano, wato motocin da aka mora a Turai ko Amurka kafin a shigo da su ta Jamhuriyar Benin.

Tun daga nan darajar sunan mota ta rataya a wuyan makanike. A garejojin Apo, inda rumfunan kayan gyara ke maƙwabtaka da makanikai da masu fenti, Toyota ta yi kaka-gida saboda ba a shan wahalar samun kayanta, kuma da wuya a rasa mai iya taɓa ta. Mercedes da BMW kuwa, waɗanda suka fi ɗaukar ido a ƙofar ɗaurin aure a Maitama, sai an jona musu kwamfuta ta gano inda matsalar take, kuma kuɗin gyaransu kan sa mai su ya jinkirta juyen baƙin mai, ko da yake ba ya jinkirta kai su wanki.

Wayar salula ta GSM, wadda ta fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001, ta sauko da wannan ɗabi'a ta fifita sunan kamfani zuwa ga matasa, waɗanda ba su kai ga mallakar mota ba. An yi yayin Nokia, aka yi na BlackBerry wajen 2010, sannan iPhone ta karɓe ragama. Tecno da Infinix da itel sun fi yawa a hannun jama'a, amma ɗan sakandare yakan gwammace tsohuwar iPhone ta hannu a kan sabuwar Tecno a kwali, tunda tambarin bayan wayar abokai ke fara gani. Irin wannan waya a kasuwar Banex da ke Wuse 2 take tsawaita rayuwarta, inda ake sauya mata gilashi da batir, sau da yawa da waɗanda ba na kamfaninta ba.