Hukuncin Raba Gardama Tsakanin Ƙungiyoyin Ma'aikata da Gwamnati, da Tasirinsa ga Kasafin Ƙananan Hukumomi

Gabatarwa

Raba gardama hanya ce da doka ta tanada domin warware saɓani tsakanin ma'aikata da wanda ya ɗauke su aiki, bayan tattaunawa ta ci tura. Ana miƙa maganar ga wani kwamiti da ba ya cikin rikicin, ya saurari kowane ɓangare, sannan ya yanke hukunci. Da zarar an tabbatar da hukuncin, bin sa ya zama wajibi a kan kowa. Wannan batu ya shafi mutanen karkara kai tsaye, domin asusun da ake biyan albashin malamin firamare da ma'aikacin shan magani daga cikinsa, shi ne kuma ake gina rijiya da kwalbati daga cikinsa.

Dokokin da suka kafa tsarin

Tsarin Mulkin 1999 ya sanya harkokin ƙwadago, da ƙungiyoyin ma'aikata, da mafi ƙarancin albashi, da raba gardama a jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Saboda haka Majalisar Dokokin Jiha ko majalisar kansiloli ba su da ikon canja matakan da za a ambata a ƙasa.

Babbar dokar ita ce Dokar Rikicin Ƙwadago ta 1976. Ƙarƙashinta ne Kwamitin Raba Gardama na Tarayya, wanda aka fi sani da IAP, yake aiki. Ministan Ƙwadago ne ke naɗa shugabansa, da mataimakinsa, da mambobin da ba su gaza 10 ba, cikinsu har da waɗanda ƙungiyoyin ma'aikata da na masu ɗaukar aiki suka gabatar. Dokar ce kuma ta fara kafa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Matakan da ake bi

1. Ɓangarorin biyu su fara amfani da hanyar sulhun da suka amince da ita tun farko. Idan ta gaza, ko babu ita, su zauna cikin kwana 7 ƙarƙashin mai shiga tsakani da suka zaɓa tare.

2. Idan kwana 7 suka wuce bayan naɗa mai shiga tsakani ba a daidaita ba, a rubuta wa Minista rahoto cikin kwana 3.

3. Minista na iya naɗa jami'in sulhu, wanda shi ma yake da kwana 7.

4. Idan sulhu bai yiwu ba, Minista ya miƙa rikicin ga Kwamitin Raba Gardama cikin kwana 14 da samun rahoto.

5. Kwamitin ya yanke hukunci cikin kwana 21, sai dai idan Minista ya ƙara masa lokaci. Hukuncin yana zuwa hannun Minista, shi ne zai sanar da ɓangarorin.

6. Wanda bai gamsu ba yana da wa'adin da bai wuce kwana 7 ba ya rubuta ƙin amincewarsa. Idan babu wanda ya yi haka, Minista ya buga hukuncin a Gazet ɗin Gwamnatin Tarayya, daga nan ya zama wajibi. Idan an ƙi amincewa, maganar ta tafi Kotun Ma'aikata.

Muddin ana cikin waɗannan matakai, doka ta hana ma'aikata shiga yajin aiki, ta kuma hana hukuma rufe musu wurin aiki. Sashe na 43 na dokar ya ce ma'aikaci ba shi da haƙƙin albashin kwanakin da ya yi yana yajin aiki. Har ila yau, ayyuka irin su samar da ruwa, kula da marasa lafiya, kwashe shara da kashe gobara suna cikin muhimman ayyukan da doka ta tsananta sharuɗɗa a kansu, kuma da yawansu ƙananan hukumomi ne ke gudanar da su.

Gyare-gyaren da aka riga aka yi

A 2005 an gyara Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago, inda aka mayar da shiga ƙungiya ganin dama, aka kuma shardanta cewa sai mafi yawan mambobi sun kaɗa ƙuri'ar amincewa kafin a shiga yajin aiki. A 2006 Kotun Ma'aikata ta samu dokarta ta kanta. Gyara na uku da aka yi wa Tsarin Mulki a 2010 ya ɗaga ta zuwa sahun manyan kotuna, kuma sashe na 254C ya keɓe mata shari'un ƙwadago, har da fassara yarjejeniyar ma'aikata da hukuncin raba gardama. A 2015 kotun ta buɗe cibiyar sulhu domin masu son daidaitawa ba tare da doguwar shari'a ba. A 2017 Kotun Ƙoli ta bayyana cewa ana iya ɗaukaka ƙara daga Kotun Ma'aikata zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda a wurinta irin waɗannan shari'u suke ƙarewa.

Inda tsarin ya haɗu da kasafin kuɗi

Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan suna raba kashi 20.60 cikin ɗari na kuɗin Asusun Tarayya, jihohi kashi 26.72, Gwamnatin Tarayya kuma kashi 52.68. Ƙananan hukumomin karkara sun fi dogara ga wannan kaso, domin abin da suke tarawa daga kasuwanni da tashoshin mota ba shi da yawa.

Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga Naira 18,000 a 2011 zuwa Naira 30,000 a 2019, sannan Naira 70,000 a 2024. Dokar 2024 ta kuma rage wa'adin sake duba shi daga shekara 5 zuwa 3. Bambancin Naira 40,000 a wata ya kama Naira 480,000 a shekara ga ma'aikaci ɗaya da ke matakin ƙasa, wato Naira miliyan 480 ga ma'aikata 1,000. Wannan ƙarin haƙƙi ne da doka ta wajabta, ba a kai shi gaban kwamiti domin a rage. Abin da aka fi samun saɓani a kansa shi ne daidaita albashin sauran matakai, da alawus, da ƙarin girma, da bashin watannin baya.

Matsalar ita ce hukunci na iya fitowa a tsakiyar shekara, bayan an riga an zartar da kasafi. Idan ba a ware masa kuɗi ba, sai dai a yanko daga ayyukan raya ƙasa ko bashi ya taru. Jinkiri kuma yana da nasa tsadar. A 2025 malaman firamare na ƙananan hukumomin Babban Birnin Tarayya sun shafe fiye da wata 3 suna yajin aiki kan sabon albashi da basussuka, yara suna zaune a gida.

Akwai kuma tambayar wanda zai biya. Sashe na 162 na Tsarin Mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, amma ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Wannan ya ƙara wajabta a fayyace, tun a teburin tattaunawa da ƙungiyoyi irin su NULGE da NUT, hukumar da alƙawari zai hau kanta.

Abin da masu neman gyara ke cewa

Ƙorafi na farko shi ne yawan ikon Minista: ta hannunsa rikici ke isa kwamiti, ta hannunsa hukunci ke fitowa, alhali sau da yawa gwamnati ce ɗaya ɓangaren. Na biyu, ƙwararrun Hukumar Ƙwadago ta Duniya sun sha nuna cewa jerin muhimman ayyuka na Nijeriya ya yi faɗi, kuma tilasta raba gardama yana tauye 'yancin yajin aiki. Na uku ya fito daga masu riƙe da baitulmali, waɗanda ke son a wajabta wa kwamiti duba ƙarfin aljihun hukuma kafin ya yanke hukunci.

Wasu jihohin Amurka sun gwada wannan na ukun. Mishigan, wadda ta kafa raba gardama na dole ga 'yan sanda da ma'aikatan kashe gobara a 1969, ta gyara dokarta a 2011 ta sa ƙarfin biyan hukuma ya zama abin da ake fara dubawa. Niyu Jasi ta kafa doka a 2010 da ta ƙayyade ƙarin albashin da mai raba gardama zai bayar ga kashi 2 cikin ɗari a shekara, kuma wa'adin dokar ya ƙare a ƙarshen 2017. Ƙungiyoyin ma'aikata sun soki irin wannan ƙayyadewa, suna cewa wanda aka hana yajin aiki bai kamata a kuma ɗaure hannun alƙalinsa ba. A ƙasar da farashin kaya ke tashi da sauri, wannan hujja tana da nauyi.

Shawara ga jami'ai da jama'a

Ya kamata shugaban ƙaramar hukuma, da ma'aji, da daraktan ma'aikata su tabbatar an rubuta kowace yarjejeniya, an sa hannu, an kuma lissafa kuɗinta na shekara kafin a amince. A tantance jadawalin albashi domin fitar da ma'aikatan bogi, a ware wani kaso a kasafi saboda bashin albashi, a kuma gabatar wa kwamiti takardun kuɗin shiga na gaskiya. Kada a yi biris da takardar sanarwa, domin wa'adin kwana 7 ba ya jiran kowa.

Su kuma jama'a suna da damar tambayar kansilansu nawa ake kashewa kan albashi, nawa ya rage na ayyuka. Mai neman ƙarin bayani na iya tuntuɓar ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke babban birnin jiha, ko Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi.