Kwarin Imperial da Tsuntsu Mai Ƙaho

A kudu maso gabashin jihar Kalifoniya ta Amurka, dab da iyakar Meziko, akwai wani kwari mai suna Imperial, wanda har ƙarshen ƙarni na sha tara hamada ne fetal, ruwan saman da yake samu a shekara bai shige inci uku ba. Cikin halittun da Allah ya zaunar a wurin akwai ɗan tsuntsu mai ƙaho, wanda ya sami wannan laƙabi saboda tukkaye biyu na baƙin gashi da ke kansa. Shi kuwa ba ya sheƙa a bishiya, macen ce take tona ɗan gurbi a fili ta shimfiɗa ciyawa, saboda haka ba shi da garkuwa daga shaho face launin bayansa da ke sajewa da turɓaya. Danginsa sun bazu tun daga ƙasar ƙanƙara ta Kanada har duwatsun Atlas na Maroko da tsaunukan Asiya, galibi kowanne da launin ƙasar da yake takawa, na wannan hamada kuwa yana cikin mafiya haske.

A shekarar 1901 George Chaffey da Charles Rockwood suka jawo ruwan kogin Kolorado zuwa kwarin, sai ga shi a 1905 kogin ya ɓalle, ya yi ta malala har 1907 kafin a toshe shi, wannan malala ce musabbabin tafkin Salton. Duk da wannan musiba manoma ba su janye ba, sannu a hankali farar ƙasa ta koma jiƙaƙƙun gonakin latas da albasa da ciyawar dabbobi.

To, da yake al'adar ma'abota ilimin tsuntsaye ce su busar da fatunsu su adana, kowace da takardar kwanan wata ɗaure a ƙafa, sai Nicholas Mason da Philip Unitt suka gwada tsofaffin fatu da na baya-bayan nan, suka bayyana a 2018 cewa baya da ƙeyar tsuntsun kwarin sun ƙara duhu. Ko shaho ne ya riƙa tsince masu haske a kan baƙar ƙasar gonakin, ko kuwa baƙi masu duhu ne suka shigo aka yi auratayya, asalin al'amarin dai yana komawa ga ranar da ɗan Adam ya haƙa magudanar ruwa don cikinsa, alhali bai san hukuncinsa zai kai ga gashin tsuntsu ba.