Yadda Garwa da Kwalba Suka Zama Ma'auni

Hatsi ya samu mudu da tiya tun da daɗewa a kasuwannin ƙasar Hausa, amma abin da ake zubawa, irin su nono da mai da ruwa, ya jima yana tafiya bisa ido da amana. Bafulatana da ludayi take auna nono, ludayi kuwa ɗan duma ne, kowanne da girman da ya fito da shi daga gona. Tulu ma gwargwadon hannun mai gininsa ne. Malamai sun san mudu da sa'i wajen ruwan alwala da na wanka, sai dai wannan awon ibada ne, bai shiga ciniki ba. A ganina, abin da ya fara daidaita awon ruwa da mai a tsakanin jama'a shi ne fankon kayan da aka shigo da su daga waje, tun kafin hukuma ta sa baki.

Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, kananzir ya riƙa shigowa cikin garwa mai cin galan huɗu, wato kusan lita 18. In man ya ƙare sai a yanke samanta, a gitta itace a bakinta, a ɗaura igiya, ɗan garuwa ya rataya biyu a sanda ya saɓa a kafaɗa. Darajarta ita ce injin masana'anta ne ya buga ta, don haka garwar Fagge daidai take da ta Zariya. Haka kwalba ta yi wa man gyaɗa da manja: mai ƙuli-ƙuli ta kafa mazurari, ta tsiyaya har wuya, mai saye yana kallo. Ko da gwamnatin Najeriya ta koma awon lita a shekarun 1970, uwargida ba ta daina aiken kwalba ɗaya ko rabi ba.

Za a ce wannan awo yana buɗe ƙofar algus, kuma gaskiya ne. Akwai mai buga gindin garwa ya lotsa ciki, akwai mai zaɓen kwalba mai zurfin gindi, kuma galan ɗin ɗan bumburutu sau da yawa bai kai galan na asali ba. Amma duk wannan ha'inci ne da ido ke iya kamawa. Mai saye na iya juya kwalbar, ko ya zo da tasa daga gida, ko ya nemi gyara a ƙara masa. Litar famfon gidan mai kuwa lamba ce kawai ke gudu a bayan gilashi, in an taɓa injin, talaka ba shi da hanyar ganewa sai jami'in awo ya zo. Shi ya sa da garwar ƙarfe ta ja baya, wani fankon ne ya gaje ta: jarkar man girki mai lita 25, wadda 'yan garuwa ke jerawa a kura, ana yanka kuɗin ruwa a kan kowace ɗaya.