Kafin Ƙirƙirarriyar Basira, Talabijin Ce Ta Fara Shiga Aji a Nijar

A shekarar 1964, shekara huɗu bayan samun ƴancin kai, gwamnatin Diori Hamani ta buɗe makarantar talabijin a Yamai da tallafin Faransa. Dalilin a fili yake: yara sun yi yawa, ƙwararrun malamai kuwa ba su taka kara sun karya ba. Sai aka ce a tara gwanayen koyarwa wuri guda su shirya gajerun darussa da Faransanci, a watsa su zuwa azuzuwa, a kuma ɗora wa kowane aji mai lura wanda aka yi wa horo na ɗan lokaci. Da aka faɗaɗa shirin a 1966, ɗaliban da ya shafa ba su wuce ɗari takwas ba, a Yamai da kewayenta.

Yaran sun buɗe baki da Faransanci har masana daga ƙetare suka riƙa zuwa kallo. Amma tsadar kayan aiki da dogaro da ƙwararrun waje sun hana shirin game ƙasa. Kodibuwa ta ɗauki irin wannan tsari a 1971, ta kafa cibiyarsa a Buwake, ta kai shi azuzuwa dubbai. A farkon shekarun 1980 aka rufe shi, bayan iyaye da malamai sun koka cewa yara na magana amma alƙalaminsu ya yi rauni.

Yau ga sabuwar baƙuwa. A watan Nuwamba na 2022 ChatGPT ta fito. A Janairun 2023 makarantun gwamnati na birnin New York suka toshe ta, a watan Mayu kuma suka janye haramcin. A Satumban shekarar UNESCO ta ba da shawarar kada yaro ya yi amfani da irin waɗannan manhajoji a aji kafin ya kai shekara 13.

Bambancin yana da girma. Talabijin tana magana ne ita kaɗai, ƙirƙirarriyar basira kuwa tana amsa wa ɗalibi, tana maimaita bayani ba gajiya, tana iya rage wa malamin da ke fama da cunkoson aji nauyin shirya darasi. Haɗarinta ma daga nan yake: takan faɗi kuskure da cikakken ƙarfin gwiwa, takan rubuta wa yaro aikin da ya kamata ya sha wuyarsa, kuma ta fi ƙwarewa a Ingilishi da Faransanci fiye da Hausa, Zabarmanci ko Tamashek.

Tambayoyin da suka kayar da shirin talabijin suna nan daram. Wa zai biya kuɗin lantarki da intanet idan mai tallafi ya tafi? Da wane harshe za a koyar? Wa ya horar da malamin da zai gane kuskuren na'ura? Duk hukumar da za ta sayo wa makarantu wannan fasaha, ta fara amsa waɗannan ukun kafin ta sa hannu a takarda.