Ƙwayoyin T: Yadda tsufa ke taɓa garkuwar jiki

Ƙwayoyin T wani rukuni ne na fararen ƙwayoyin jini da ke gane cuta, su kashe ƙwayoyin jikin da ta shiga, su kuma umarci sauran dakarun garkuwa. A ɓargo ake samar da su, amma horonsu a taimos ne, wata 'yar tsoka da ke bayan ƙashin ƙirji, wadda daga sunanta aka ɗauko harafin T. Masanin kimiyya Jacques Miller ne ya gano aikinta a 1961.

Taimos kan tsufa tun kafin mai ita. Bayan balaga sai ta yi ta motsewa, kitse na maye gurbinta, har sababbin ƙwayoyin da take yayewa su zama kaɗan ƙwarai. Jikin dattijo ya fi dogara ga tsofaffin ƙwayoyin da ke tuna cututtukan da ya sha fama da su. Baƙuwar cuta kuwa takan same shi ba shiri. Shi ya sa korona ta fi yi wa tsofaffi ɓarna, aka kuma sa su a sahun gaba, bayan ma'aikatan lafiya, da allurarta ta iso Nijeriya a Maris 2021.

Abin da ya fi shafar iyayenmu a Kebbe, Kuchi ko Dogon Daji shi ne cututtukan da ke kwance a jiki. Ƙwayar tarin fuka kan shafe shekaru a huhu, ƙwayoyin T sun killace ta. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ita, a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya. Idan tsaron ya sassauta sai ta farka, musamman in ciwon suga ko ƙarancin abinci ya haɗu da shekaru. Haka ƙarambau na ƙuruciya kan dawo da ƙuraje masu zogi a gefe ɗaya na jiki.

Ga wani abin lura: tsoho na iya ɗauke da cuta mai tsanani ba tare da zazzaɓi ba, sai dai rama, kasala ko ruɗewa. A gida akan ce ƙurar hunturu ce ko tsufa, ɗan da ke birni ya aiko da kuɗin maganin tari, jikoki kuma na kwana ɗaki ɗaya da shi. Tarin da ya kai mako 2 gwajin majina yake buƙata. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, kuma wata 6 ake shan maganin ba fashi.