Tsaron Kaya da Mutuncin Mai Saye: Nazari a kan Matakan Hana Sata a Manyan Kantunan Ingila da Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dabarun da manyan kantunan sayar da abinci da kayan masarufi na Ingila da Amurka suka ɗauka domin hana satar kaya daga kan kanta, sa'an nan ta auna nauyin da dabarun suka ɗora wa mai saye wanda bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. An dogara ga alƙaluman hukumomi, da rahotannin ƙungiyoyin masu kantuna, da hukuncin hukumar kare haƙƙin masu saye, aka kuma gwada su da ma'aunin malaman fiƙihu a kan zato da hujja. Nazarin ya nuna cewa matakan iri biyu ne, akwai masu tsare kaya, akwai masu tuhumar mutum, kuma cutarwar iri na biyu ta fi faɗawa a kan raunana.

Asalin mas'alar

Kafin shekarar 1916, mai saye a kantin Amurka ba ya taɓa kaya da hannunsa, sai dai ya tsaya a gaban kanta ya faɗi bukatarsa, yaron kanti ya ɗauko, ya auna, ya ƙunshe, ya karɓi kuɗi. A wannan shekara ce wani ɗan kasuwa mai suna Clarence Saunders ya buɗe kantin Piggly Wiggly a birnin Memphis, inda ya bar mutane su shiga su zaɓi abin da suke so da kansu, su biya a bakin ƙofa. Kuma da yake tsarin ya rage yawan ma'aikata, ya kuma sa mutum sayen abin da bai fito da niyyar saye ba saboda kawai ya gan shi ya taɓa shi, sai ya bazu a duniya, har kamfanin Sainsbury's ya buɗe irinsa a Croydon ta Ingila a 1950. To, duk wanda ya shimfiɗa dukiyarsa a gaban jama'a, ya janye mai tsaronta domin ya rage albashi, lalle ya buɗe ƙofar riba da ƙofar hasara a lokaci guda, kuma Hausawa sun riga sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba a kawo wannan don a wanke ɓarawo ba, domin sata haramun ce a shari'a, laifi ce a doka. An kawo shi ne don a san cewa mai kanti da kansa ya zaɓi wannan tsari, da saninsa, bayan ya lissafa ya ga ribarsa ta rinjayi hasararsa.

Girman ɓarnar

Babu mai adalci da zai musanta cewa ɓarnar ta yi yawa. Hukumar ƙididdiga ta Biritaniya ta bayyana cewa 'yan sandan Ingila da Wales sun rubuta laifin satar kanti 516,971 a shekarar 2024, ƙarin kashi 20 cikin 100 a kan shekarar da ta gabace ta, adadin da a lokacin ba a taɓa kaiwa ba tun da aka fara irin wannan lissafi a 2003. Ƙungiyar masu kantuna ta ƙasar, watau British Retail Consortium, wadda ke ƙidaya har da abin da ba a kai wa 'yan sanda ba, ta ce satar ta haura sau miliyan 20 a shekara guda, ta ci fam biliyan 2.2, kuma kantunan sun kashe fam biliyan 1.8 wajen rigakafi. Ma'aikatan kanti kuwa, waɗanda akasarinsu masu ƙaramin albashi ne, su ne ke shan zagi da barazana, wani lokaci har da duka, idan suka tare ɓarawo.

Amma fa wajibi ne mai bincike ya yi taka-tsantsan da alƙaluman da mai da'awa ya kawo da kansa. A Amurka, ƙungiyar National Retail Federation ta ce kayan da suka salwanta a kantuna a 2022 sun kai dala biliyan 112.1, sai dai a cikin lissafinta satar mutanen waje kashi 36 ce kawai cikin 100, satar ma'aikata kashi 29, kurakuran rubutu da na sarrafa kaya kashi 27. Bugu da ƙari, a watan Disamba na 2023 ƙungiyar ta janye wata magana da ta yaɗa, cewa gungun ɓarayi masu shiri su ne sanadin kusan rabin hasarar, bayan an nuna cewa maganar ba ta da madogara. Ke nan fiye da rabin abin da ke ɓacewa ba ta hannun mai saye yake fita ba, alhali kuwa matakan da ido ke gani a kansa suke sauka.

Matakan da ke tsare kaya

Daga cikinsu akwai ɗan maƙalen da ake liƙa wa kaya, wanda ke sa ƙararrawa ta yi kuka a bakin ƙofa idan ba a cire shi ba, ƙirƙirar Arthur Minasy a 1966. A da tufafi masu tsada da kwalaben turare ake saka wa. Amma da tsadar abinci ta tsananta a Biritaniya, har hauhawar farashinsa ta wuce kashi 19 cikin 100 a watan Maris na 2023, sai aka wayi gari ana ganinsa a jikin cuku da man shanu da nama da madarar jarirai, wasu rassan kantin Co-op ma suka koma jera kwalaben gahawa da babu kome a ciki, mai so ya ɗauka ya kai wa kashiya a musanya masa da na gaske. A Amurka an fi son akwatin gilashi mai kwaɗo, wanda ake kulle sabulu da man goge baki da reza a ciki, mai saye ya danna ƙararrawa ya tsaya jiran mai mabuɗi.

Wannan iri yana cin lokacin mutum, yana kuma takura shi, musamman idan abin da yake bukata na sirri ne wanda kunya ke hana a roƙa a gaban jama'a, amma ba ya nuna kowa da yatsa, domin kwaɗon da ya tsare talaka shi ne ya tsare mai hali. Kuma kasuwa da kanta tana yi masa linzami: shugaban kamfanin Walgreens na lokacin, Tim Wentworth, ya amsa a watan Janairu na 2025 cewa kayan da aka kulle cinikinsu raguwa yake yi.

Matakan da ke tuhumar mutum

A nan ne mas'alar take da nauyi. Bayan kantuna sun sallama wa mai saye aikin ɗauko kaya, sai suka ƙara sallama masa aikin kashiya, suka girke injinan da mutum zai haska kayansa ya biya da kansa, ba tare da an koya masa aikin ba, ba kuma tare da an rage masa ko kwabo a farashi ba. Binciken da Adrian Beck da Matt Hopkins na Jami'ar Leicester suka fitar a 2016 ya gano cewa hasara a tsarin da mai saye ke haska kaya da kansa ta kusa kashi 4 cikin 100, kuma babbar wahalar ita ce rarrabe mai ganganci da mai kuskure, tun da tsohuwar da idonta ya raunana, da uwar da ke riƙe da jariri tana tsawata wa na biyu, da ɓarawon da ya ƙware, dukkansu abu ɗaya injin zai rubuta a kansu, watau kaya sun wuce ba a biya ba. Maimakon a mayar da kashiya, sai aka ƙara kyamara a saman kowane inji tana nuna wa mutum fuskarsa, aka kuma kafa shinge a mafita, kamar yadda Sainsbury's ya fara a wasu rassansa a 2022, wanda ba ya buɗewa sai an nuna masa rasit. Ma'anar wannan, ko an faɗa ko ba a faɗa ba, ita ce mutum tsararre ne har sai ya kawo shaidar cewa shi ba ɓarawo ba ne.

Sai kuma mai gadi da ke bin mutum daga layi zuwa layi. Shi ba kowa yake iya bi ba, dole ya zaɓa, kuma zaɓin ɗan Adam yakan bi abin da zuciya ta riga ta ƙudurta game da launin fata da sutura da shekaru. A 2014 kantunan Barneys da Macy's na New York sun biya dala 525,000 da dala 650,000 domin sasanta binciken babban lauyan jihar a kan zargin tsare baƙaƙen fata da sauran tsiraru fiye da kima. Wanda aka tare a gaban 'ya'yansa aka zazzage jakarsa, ko da an ba shi haƙuri daga baya, an riga an ci masa mutunci, kuma wannan hasara ba ta shiga littafin lissafin kowane kanti.

An yi fatan na'urar gane fuska za ta kawar da son zuciyar mai gadi, sai ga shi ta gaje shi. A watan Disamba na 2023 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta haramta wa kamfanin Rite Aid amfani da ita har shekara biyar, bayan ta zarge shi da cewa daga 2012 zuwa 2020 na'urarsa ta yi ta nuna mutanen kirki a matsayin ɓarayi, ma'aikata suna bin su, suna bincike su, suna korarsu, kuma kuskuren ya fi yawa a unguwannin baƙaƙen fata da 'yan Asiya. A Ingila, ƙungiyar Big Brother Watch ta kai ƙarar kantunan Southern Co-op a 2022 gaban hukumar kare bayanai saboda amfani da na'urar kamfanin Facewatch a rassa 35. Abin da ya fi tayar da hankali a wannan tsari shi ne kantuna suna tarayya a kundin fuskokin, ta yadda wanda aka shigar da hotonsa a wani reshe zai iya samun kansa abin tuhuma a wasu kantunan da bai taɓa shiga ba, ba alƙali, ba shaidu, ba a kuma ji ta bakinsa ba.

Ma'aunin fiƙihu

Malaman fiƙihu, duk da tsananin hukuncin sata a wurinsu, sun kewaye shi da sharuɗɗan da ke kare wanda ake zargi. Sun shardanta nisabi, wanda a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne ko dirhami uku. Sun shardanta hirzi, watau a ce mai dukiya ya ajiye ta a inda ake tsare irinta. Sun tunkuɗe haddi da shubuha, har Sayyidina Umar ya dakatar da shi a shekarar yunwa. Sama da duka, sun tabbatar da cewa asalin mutum kuɓutacce ne daga haƙƙin wani, hujja kuwa tana wuyan mai da'awa, kuma Suratul Hujurati ta yi hani ga mummunan zato da binciken asirin mutane. Idan aka ɗora matakan kantuna a kan wannan ma'auni, za a ga kwaɗo da akwatin gilashi suna cikin babin hirzi, haƙƙin mai dukiya ne, babu laifi a kansa. Amma shingen da ke neman hujja daga wanda ba a gan shi da laifi ba, da kundin da ke hukunta mutum a bayan idonsa, sun juya ƙa'idar, sun ɗora wa wanda ake tuhuma abin da yake wajibin mai tuhuma. Maslahar tsare dukiya maslaha ce tabbatacciya, sai dai ba a neman ta da mafsadar da ta fi ta girma, kuma mutunci yana cikin abubuwan da shari'a ta zo domin kiyayewa kamar yadda dukiya take.

Akwai hanya ta uku wadda ba ta kulle kaya, ba ta kuma tuhumar kowa, ita ce a mayar da mutum inda aka cire shi. Kamfanin Booths na arewacin Ingila ya sanar a watan Nuwamba na 2023 cewa zai cire injinan biya daga rassansa in ban da biyu, ya dawo da kashiya. Ma'aikacin da ke tsaye yana gaishe da mai shigowa, yana nuna masa inda gishiri yake, shi ne kuma idon da ɓarawo ke shakka, kuma a ra'ayin mai wannan nazari wani kaso na fam biliyan 1.8 ɗin nan da a albashi aka zuba shi da ya fi amfani.

Abin da ya shafe mu

A manyan kantunan Kano da Kaduna da Abuja an saba mutum ya ajiye jakarsa a bakin ƙofa a ba shi lamba, in zai fita kuma mai gadi ya duba rasit ya gwada da kaya. Wannan al'ada tana da sauƙin ɗauka muddin kowa ake yi wa, Alhaji mai babbar riga da ɗan aike, hajiya da 'yar aikinta. Ranar da aka fara ɗaga wa wani ƙafa saboda shigarsa, a ranar ta tashi daga tsari ta koma tuhuma. Haɗarin da ke tafe kuwa shi ne na'urar gane fuska, domin gwajin da cibiyar ma'aunai ta gwamnatin Amurka ta yi a 2019 a kan manhajoji 189 ya nuna cewa kuskuren ɗaukar wani a matsayin wani ya fi yawa a fuskokin mutanen Afirka ta Yamma da ta Gabas, a wasu manhajojin har ninki goma zuwa ɗari a kan na Turawa. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sanya siffofin jikin mutum cikin bayanai masu bukatar kariya ta musamman, saboda haka ya kamata hukumar da ke zartar da ita ta wajabta wa duk kantin da zai girke irin wannan na'ura ya sanar da masu shiga a rubuce da harshen da suke ji, ya nuna sakamakon gwajinta a kan fuskokin mutanen ƙasar, ya kuma tanadi ofishin da wanda aka shigar da hotonsa bisa kuskure zai je a goge shi a biya shi diyya.